Idan ma'aikaci ya kwanta ciwo, wa zai biya? Tsokaci daga Gaya da Ajingi

Hausawa suna cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Na daɗe ina kallon wannan karin magana a matsayin tsohuwar dokar ƙwadago ta ƙasar Hausa. Tun kafin a san takardar ɗaukar aiki ko jadawalin albashi, mutanenmu sun yarda cewa wanda ya ci moriyar ƙarfin mutum lokacin da yake da lafiya, bai kamata ya juya masa baya ranar da ciwo ya kwantar da shi ba. Falke yakan yi jinyar yaransa a zango, maƙeri yakan nemo wa mai yi masa zuga magani, manomi kuma yakan aika wa baransa da hatsi har ya miƙe. A yau wannan yarjejeniya tana neman tsinkewa a yankinmu na Gaya da Ajingi. Zukatan mutane ba su ƙeƙashe ba, abin da ya faru shi ne askin ya zarce ladan.

Ni ma'aji ne a wata makaranta mai zaman kanta a garin Gaya, iyayena kuma mutanen ƙasar Ajingi ne. Ta hannuna albashin malamai da masu shara da maigadi yake fita, kuma ta hannuna duk wata takardar asibiti take bi kafin ta isa teburin mai makaranta. Saboda haka abin da zan faɗa, daga cikin littafin lissafi na ciro shi, sai kuma abin da nake ji daga abokaina masu irin aikina a wasu wurare.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin su wane ne masu ɗaukar ma'aikata a wannan yanki. A ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Gaya tana da mutum kimanin dubu 200, ta Ajingi kuma sama da dubu 170, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Babu manyan masana'antu irin na Sharaɗa ko Bompai ko Challawa. Gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki, ta hanyar ƙaramar hukuma da makarantun firamare da sakandare da asibitoci. Daga ita sai ƙananan wurare: makarantu masu zaman kansu, Islamiyyoyi, gidajen mai, gidajen burodi, injinan casar shinkafa, gidajen bulo, masu ruwan leda, masu motocin haya, da manyan manoma masu ɗaukar 'yan ƙwadago. A irin waɗannan wurare da wuya ka ga takarda mai ɗauke da alƙawarin kula da lafiyar ma'aikaci. Amma kowane maigida a cikinsu yana biyan wannan kuɗi, sai dai sunansa “taimako”.

Yadda tsarin yake tafiya kowa ya sani. Ɗan ma'aikaci ya kwana da zazzaɓi, da sassafe sai uban ya tsaya a ƙofar ofis ko a zauren maigida, ya gaishe shi, ya sunkuyar da kai, ya miƙa takardar magani. Maigida ya sa hannu a aljihu ya ba da abin da ya samu. Wannan al'ada tana da alherinta: babu cike fom, babu jiran amincewar wani ofis a birni, kuma tana ƙara danƙon zumunci. Tana kuma da lahaninta, wanda ba kasafai muke faɗa ba. Abin da ma'aikaci zai samu ya dogara ne da yanayin aljihun maigida a ranar, da yadda fuskarsa take, da kuma kusancin da ke tsakaninsu. Mai baki ya samu da yawa, mai kunya ya koma gida hannu rabbana. Magidanci mai furfura kuma ya zama maroƙi a kan abin da guminsa ya riga ya biya.

Duk da wannan lahani, al'adar ta riƙe mutane shekaru masu yawa, har zuwa 2023. A ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira ta nemo wa kanta daraja. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira dubu ɗaya. Dalar da gwamnati ke canzawa a kan kimanin Naira 460 ta haye 1,500. Tunda yawancin magungunanmu, ko sinadaran haɗa su, daga Indiya da Sin da Turai ake shigo da su, farashinsu ya bi Dala a guje. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, bayan 'yan watanni kamfanin Sanofi ya bi sawu, sai wasu magungunan asma da na kashe ƙwayoyin cuta suka yi wuyar samu kuma suka yi tsada. Zuwa Disambar 2024 hauhawar farashi a ƙasa ta kai kashi 34.8 cikin 100. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna, mataki ne mai kyau, amma sauƙinsa yana tafiyar hawainiya kafin ya iso kantin magani na ƙauye.

Mu kuma a nan muna da wani ƙarin nauyi da mutumin birni ba ya ji, wato nisa. Abin da ya fi ƙarfin asibitin mazaɓa a Toranke ko Balare ko Kademi, sai a kawo shi Babban Asibitin Gaya. Abin da ya fi ƙarfin Gaya kuwa, sai a bi ta Wudil zuwa Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko na ƙashi da ke Dala. Kafin likita ya taɓa majiyyaci, an riga an biya shatar mota, an tanadi abincin masu jinya, an bar gona ko aji babu kowa. Sau da yawa kuɗin hanya da na zaman jinya suna kamo kuɗin maganin kansa.

A shafin “taimako” na littafina, abin da a da yake ɗan ƙaramin layi a ƙarshen wata ya koma yana gogayya da kuɗin alli da littattafai da man janareto a haɗe. Kuɗin makaranta kuwa ba a iya ƙara shi yadda aka ga dama, domin iyayen yara manoma ne, kuma tsadar da ta kama mu ita ta kama su. Mai makaranta ya tsinci kansa a halin gaba kura baya sayaki.

Na lura da dabaru iri-iri da masu gida suka ɓullo da su don su rage wa kansu wannan kaya, kuma ina ganin ya dace a faɗe su ƙarara. Dabara ta farko ita ce mayar da kyauta bashi: a ba ma'aikaci kuɗin asibiti yau, a riƙa zarewa daga albashinsa wata-wata. Na san wani mai aikin gidan burodi da ya yi wata bakwai yana karɓar rabin albashi saboda tiyatar haihuwa da aka yi wa matarsa. Ta biyu ita ce ƙulla alaƙa da wani mai kemis, a ce duk wanda ba shi da lafiya ya je can a rubuta a asusun maigida. Wannan tana da araha a ido, amma ana shan magani ba gwaji, zazzaɓin taifot a ba shi maganin cizon sauro, hawan jini a ba shi maganin ciwon kai. Ta uku ita ce daina ɗaukar ma'aikacin dindindin, a koma biyan kullum-kullum, domin ɗan ƙwadagon yini ba shi da wanda zai kai wa takardar asibiti. Ta huɗu, wadda ta fi ciwo, ita ce zaɓe a wajen ɗauka: a fifita saurayi a kan magidanci, a guji mace mai ƙaramin ciki, a yi wa mai ciwon suga ko uban yara masu sikila sallama cikin ladabi da sunan “je ka huta har ka warke”.

Dukkan dabarun nan ba su rage kuɗin ciwo da ko kwabo ba. Sauke shi kawai suke yi daga kan mai ƙarfi zuwa kan marar ƙarfi. Kuma a ƙarshe kayan yana dawowa wurin maigida ta bayan gida. Malamin da rabin albashinsa ke tafiya biyan bashi, hankalinsa yana kan acaɓar da zai yi da yamma. Ƙwararren mai tuƙa injin casa da aka sallama saboda jinya, sai an yi damina guda kafin a horar da wani kamarsa.

Akwai wani dattijo da ke gadin makarantarmu tun kafuwarta. Yana da hawan jini, likita kuma ya ɗora shi a kan maganin kullum. Wata rana na ga ƙafafunsa sun kumbura, na ce: “Baba, kana kuwa shan maganin nan?” Ya ce: “Ina sha, Malam Ma'aji, amma na koma tsallake rana. Kwalin wata ɗaya yana kai ni wata biyu.” Na ce ai da ya faɗa wa Alhaji. Sai ya yi murmushi ya ce: “Sau nawa mutum zai tsaya a ƙofar mutum, ɗana?” Wannan tambaya ta dattijon ita ce ta nuna mini iyakar tsarin taimako. Ciwon da ke zuwa sau ɗaya, kamar karaya ko haihuwa, ana iya roƙa a kansa. Ciwon da ya zo zama kuwa, kunya takan kashe mai shi kafin ciwon ya kashe shi.

To, me doka ta ce? Najeriya ta kafa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar 1999, ya kuma fara aiki a 2005. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka da ta maye gurbinsa da hukumar NHIA, ta kuma mayar da inshorar lafiya wajibi, har ga masu zaman kansu da ke da ma'aikata biyar zuwa sama. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci damar hutun rashin lafiya na kwana 12 a shekara da cikakken albashi, idan likita ya tabbatar. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki. A takarda, ma'aikacin Najeriya yana cikin inuwa. A zahiri kuwa, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majiyyata yake fita kai tsaye.

Don mu gane dalilin wannan tazara, mu yi ɗan lissafi. Ma'aunin da aka saba da shi tun zamanin NHIS shi ne mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. Mu ɗauka makaranta tana da ma'aikata 20, kowannensu yana karɓar Naira dubu 40. Rabon makaranta zai zama Naira dubu 80 a wata, wato dubu 960 a shekara. Idan ɗalibi yana biyan dubu 15 a zango, kuɗin ɗalibai fiye da 21 na shekara guda ke nan cif. Mai makaranta zai dubi wannan adadi ya ja da baya. Shi ma malamin, dubu biyun da za a zare masa mudun hatsi ne da cefanen kwana biyu. Ga kuma wani abin lura: dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi Naira dubu 70 a 2024, Jihar Kano kuma ta mayar da nata dubu 71, ta yafe wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ke nan doka ɗaya ta yarda cewa ƙaramin maigida ba zai iya biyan cikakken albashi ba, wata dokar kuma tana jiran ya biya inshora.

Sannan akwai batun ma'anar iyali. Tsarin ƙasa yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, duk wanda ya ƙaru sai an biya masa daban. Wanda ya tsara wannan bai leƙa gidajenmu ba. Ma'aikaci a Ajingi yana iya zama da mata biyu, da 'ya'ya tara, da tsohuwar mahaifiya, da marayun ɗan'uwansa. Wace matar zai rubuta, wace zai bari? Waɗanne huɗu zai zaɓa cikin tara? Na ga magidancin da ya ajiye fom ɗin ya tashi, ya ce ba zai sayi fitina da kuɗinsa ba.

Masu asibiti su ma suna da nasu kukan. A tsarin ƙasa, ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da aka rubuta masa a wata, ko ya zo ko bai zo ba. Shekaru da dama wannan kuɗi yana tsaye a kan Naira 750, har sai da aka ɗaga shi zuwa 1,200 a 2024, sannan 1,450 a 2025. Duk wanda ya san farashin maganin zazzaɓin cizon sauro zai fahimci abin da ya sa mai katin inshora, a ko'ina cikin ƙasar nan, yakan ji an ce masa maganin ya ƙare, ya je waje ya saya. Ɗaga kuɗin ya zama dole domin asibitoci su rayu, amma duk ƙarin da aka yi, a ƙarshe kan mai zubi yake sauka.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai, kuma duba tarihin wasu yana da amfani. A Jamus, tun 1883 gwamnatin Bismarck ta wajabta wa ma'aikata asusun jinya, ma'aikaci yana zuba kashi biyu cikin uku, maigida yana zuba kashi ɗaya. A Amurka kuwa abin ya zo ne ba shiri. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta hana ƙarin albashi, sai kamfanoni suka koma zawarcin ma'aikata da alƙawarin biya musu kuɗin asibiti, daga baya dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da al'adar. Yau ta zame musu ƙarfen ƙafa. A wajajen 2005 kamfanin motoci na General Motors yana kukan cewa kuɗin lafiyar ma'aikatansa da 'yan fanshonsa yana ƙara kimanin Dala 1,500 a kan kowace mota. A 2024 matsakaicin kuɗin inshorar iyali guda ta wurin aiki a can ya haura Dala dubu 25 a shekara. Kamfanoninsu ma suna yin irin dabarun masu gidanmu: su ƙara wa ma'aikaci rabonsa na zubi, su rage abin da inshorar ke ɗauka, su koma ɗaukar 'yan wucin gadi. Maƙwabciyarmu Ghana ta bi wata hanya a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki domin asusun lafiya na ƙasa, ta yadda nauyin zai bazu a kan kowa.

Darasin da na ciro shi ne, idan manyan kamfanonin duniya suna nishi a ƙarƙashin wannan kaya, mai gidan burodi a Gaya ba zai iya ɗaukarsa shi kaɗai ba. Dalilin kuma na lissafi ne. A cikin mutum dubu goma, ana iya ƙiyasta nawa ne za su buƙaci tiyata a shekara, a raba kuɗin a kan kowa ya zama ƙanƙani. A cikin mutum goma kuwa babu ƙiyasi: shekara uku tana iya wucewa lafiya lau, a ta huɗu mutum ɗaya ya kamu da ciwon ƙoda ya cinye jarin gidan gaba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jinkar jinya ta fi kowace nauyi.

Jihar Kano tana da abin da ya fi kusa da amsa. A 2016 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta jiha, KSCHMA. Zaɓen kalmar taimakekeniya yana da hikima, domin mutanenmu da dama suna ɗari-ɗari da inshora saboda shubuhar riba da caca, alhali zuba kuɗi a asusu ɗaya don tallafa wa wanda jarrabawa ta faɗa wa abu ne da malamai suka yi bayanin halascinsa, a kansa ma aka gina tsarin takaful. Ma'aikatan gwamnati ana zare musu nasu zubin daga albashi, kuma hukumar tana da ƙofa ga masu zaman kansu da masu sana'ar hannu. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, domin talakawa da masu rauni. Tukunyar dai tana kan murhu. Abin da ya rage shi ne ƙananan masu gida na karkara su san da ita, su kuma amince da ita.

A makarantarmu, bayan doguwar shawara, mun ɗauki matakin da ya yi daidai da ƙarfinmu. Mun rufe shafin “taimako”, muka buɗe asusun lafiya na ma'aikata. Kowa yana zuba ɗan abin da aka amince a kai daga albashinsa, makaranta tana zuba ninki biyu na abin da ma'aikata suka tara, kuma kuɗin yana zaune a asusun banki na daban wanda mai makaranta ba ya iya taɓawa shi kaɗai. Mutum uku ke sa hannu: malami ɗaya, malama ɗaya, sai ni. Mun rubuta ƙa'idoji a takarda guda, aka karanta wa kowa da Hausa. Ba a biyan kuɗin magani sai da takardar asibiti. Maganin kullum na masu hawan jini da ciwon suga shi ne farkon abin da ake fitarwa kowane wata, muna kuma sayensa a dunƙule daga dillalai masu rajista a kasuwar magani ta Dangwauro, inda ya fi sauƙi. Awon ciki da haihuwa suna da kasonsu. An bar wa kowane ma'aikaci ya rubuta mutanen gidansa yadda suke, amma akwai iyakar abin da gida ɗaya zai ci a shekara, shi ya san yadda zai raba. Sau ɗaya a zango muna gayyato ma'aikacin lafiya ya auna jinin kowa, kuma muna tuna wa iyaye su karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa ƙananan yara gida-gida da damina.

Ranar da aka fara, Alhaji ya tambaye ni ko wannan ba zai fi cin kuɗi ba. Na ce: “Ranka ya daɗe, kuɗin da ka san adadinsa tun farkon shekara ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda zai buga maka ƙofa da tsakar dare.” Abin da ya biyo baya ya gaskata hakan. Makaranta ta san abin da za ta kashe, ta sa shi a kasafinta. Baba maigadi ya daina tsallake rana. Babu wanda ke tsayawa a ƙofar ofis yana murza hula, domin abin da mutum ya zuba a ciki haƙƙinsa ne, kansa a ɗage yake karɓa.

Sai dai asusun mutum ashirin ƙaramin kwale-kwale ne. Yana iya da zazzaɓi da haihuwa da maganin wata, amma babbar tiyata guda ko wankin ƙoda na wata biyu zai kife da shi. Shi ya sa nake ganin mataki na gaba ya wuce ƙarfin gida ɗaya, kuma a nan nake da kira ga ɓangarori huɗu.

Ga 'yan'uwana masu ɗaukar ma'aikata: mu haɗa kai. Masu makarantu suna da ƙungiya, haka masu gidajen burodi da direbobi da masu casar shinkafa. Idan kowace ƙungiya a Gaya da Ajingi da Albasu ta tattara sunayen ma'aikatanta ta tunkari hukumar taimakekeniya da murya ɗaya, za ta samu kunnen da mutum ɗaya ba zai samu ba. Ƙananan asusun cikin gida su ɗauki ƙananan larurori, babban asusun jiha ya ɗauki manya.

Ga ma'aikata: zubin lafiya kamar adashi ne, sai dai wanda ya fi kowa sa'a a cikinsa shi ne wanda kwasarsa ba ta taɓa zuwa ba. Wanda ya shekara bai je asibiti ba kada ya ce ya yi asara, ya gode wa Allah, ya san kuɗinsa ya yi jinyar ɗan wani. Kada kuma a ba da aron kati ga maƙwabci, domin asusun da aka yi wa ɓaraka kowa zai nutse da shi.

Ga hukuma da gwamnati: a sauko karkara. A samar da wurin rajista a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da ranakun kasuwa. A yarda manomi da mai injin casa su biya zubinsu na shekara da kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, maimakon wata-wata. A yi tsarin iyali da ya san gidan Bahaushe. Fiye da komai, a tabbatar akwai magani da ma'aikaci a asibitin da aka rubuta mutum, domin ranar da mai kati ya dawo gida da magani a hannu, ya fi tallar rediyo ta shekara guda. A kuma tuna alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, a fitar da kuɗin a aikace bayan an rubuta shi.

Ga masarautar Gaya da hakimai da dagatai da limamanmu: mutanen karkara ba sa zuba kuɗinsu a inda ba su ga fuskar da suka sani ba. Maganarku a fada da kan mumbari ita ce za ta kawar da shakku, sa idonku kuma shi ne zai hana a ci amanar asusun.

Tarihin baka ya ce daga Gaya maƙeran farko suka tashi zuwa Dutsen Dala neman tama, har Kano ta kafu. Garin da ya san darajar mai aikin hannu tun wancan zamani bai kamata ya zama inda ma'aikaci ke raba ƙwayar magani biyu don ta kai shi ƙarshen wata ba. Tausayin da iyayenmu suka yi wa barorinsu yana nan a zukatanmu, abin da zamani ya nema shi ne mu ba shi littafi da ƙa'ida da asusu, mu kuma tara shi wuri ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ciwo ba ya aiko da sanarwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya hore wa masu gida abin sauke nauyin da ke kansu.